Kwalekwalen Jawad Ya Hau Dutse

Garin Husaima na bakin teku, ranar Talata

'Yata Luwiza,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya kike, yaya maigidanki da yaran? Yaya sanyin Holan? Allah ya sa kuna lafiya. Mu nan da sauƙi.

Kin ce idan muna waya ina yi miki magana kamar mai karanta labarai a rediyo. To ga takarda, ki karanta da muryar da kike so.

Innarki tana nan yadda kika bar ta. Tun ranar da masunta suka tsinci kwalekwalen ƙaninki Jawad yana yawo a teku, iska na kaɗa zanen da ke tura shi, ba kowa a ciki, ta rufe ƙofar gida ta hana a karɓi gaisuwa. Liman ya aiko yana tambaya ko a yi masa salla ko da ba a samu gawa ba, ta ce a gaya masa ɗanta ya iya iyo tun bai iya karatu ba. Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Ta ce ba za ta ci ba sai ya dawo su ci tare, shayi kawai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Zobenta har ya fara zamewa daga yatsa.

Makon jiya ta ce in sauko daga ƙauyenmu na kan dutse in ɗauko masa kwalekwalen, kada ya dawo ya tarar ruwa ya cinye shi a tashar jirage. Na ce to. Ba na gardama da kowa yanzu, ba ni da ƙarfinta.

Na zo da kawunki Buziyan a tsohuwar Marsandina. Abokan Jawad sun kwantar da doguwar sandar da ake ɗaura wa zanen, suka naɗe zanen, suka ɗora kwalekwalen a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu, muka jona a bayan mota. Dukansu kuka suke yi. Ɗaya ya rungume ni, ni kuwa ta saman kafaɗarsa tayar amalanken nake kallo, na ga kamar ta hagu tana son iska. Na san bai kamata ba, amma abin da na iya tunawa ke nan.

Kawunki, kin san bakinsa. Ya ce na ƙare ƙuruciyata ina jigilar mutane da awakinsu a hanyar dutsen nan, sai yau Allah ya ba ni fasinjan da ba zai yi mini amai a mota ba. Ya yi dariya shi kaɗai, daga nan ya juya baya ya daɗe yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Gobe da safe za mu kama hanya. Ki gaida yaran.

Mahaifinki,
Allal

Garin Targist, ranar Alhamis

Luwiza 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Daga garejin wani makanike nake rubuto miki, kada ki tayar da hankalinki, ba wanda ya ji ciwo.

Hawan bai ba mu wahala ba, sai dai jinkiri. Mota na nishi, motoci sun yi layi a bayanmu suna ta ham, duk inda hanya ta ɗan buɗe sai in raɓe su wuce suna leƙenmu. Wani jandarma mai tsaron hanya ya tsayar da mu, ya zagaya kwalekwalen, ya tambaya ko an buɗe sabon teku ne a kan dutse bai ji labari ba. Kawunki ya ce uwar mai shi za mu kai wa. Mutumin ya dube ni, ya miƙo mini takarduna bai ko buɗe su ba.

Gangara ce ta kusa cin mu. Na san kowace lanƙwasa ta hanyar nan, amma ban taɓa saukarta da abu yana turo ni daga baya ba. Kowace kwana sai in ji kwalekwalen yana son ya wuce mu. Na yi ta taka birki har ya fara ƙauri, can sai na taka na ji ƙafata ta tafi ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Dama dutse, hagu rami. Kawunki ya dafe gaban mota yana kalmar shahada. Na sauke giya, na sake saukewa, na goga gefen motar da jikin dutse har muka tsaya. Ƙofa biyu sun lotse, tamfol ɗin da muka rufe kwalekwalen da shi ya yage, shi kansa kwalekwalen ko ƙwarzane bai yi ba.

Abin da nake so in gaya miki shi ne ban ji tsoro ba. Ba jarumta ba ce. Lokacin da motar ke gudu na leƙa ramin, na hango wata mata can ƙasa tana shanya a kan itacen zaitun, na ce a raina yau shanyarta za ta bushe da wuri. Hannuna da ƙafata suka yi aikinsu, ni ina zaune kawai kamar fasinja.

Da muka fito kawunki ya zauna a kan dutse, ya ga ina duba igiyoyi. Ya ce, "Mijin Yaya, kai ma fa ba lafiya gare ka ba. Ita dai ta fi ka nunawa ne."

Ya kuma tambaye ni me muke yi da wannan kaya, taimakonta za mu yi ko ƙara mata abin jira za mu kai. Na ci gaba da duba igiyoyina. An kawo mana miyar wake da man zaitun, na cinye tawa tas, ban ji ɗanɗanonta ba.

Makaniken ya ce birkin zai gyaru yau. Mun rufe kwalekwalen da farin zanensa, tunda tamfol ya tashi aiki. Ki yi mana addu'a.

Mahaifinki,
Allal

Gida, ranar Lahadi

'Yata Luwiza,

Sallama da gaisuwa gare ki da iyalinki. Mun iso lafiya ranar Juma'a, daidai ana fitowa daga masallaci.

Kin san mota ba ta wuce masallaci, daga nan zuwa gida sai ƙafa. Ban yi tunanin wannan ba sai da na kashe injin. Mutane suka kewaye mu, kowa da tasa dabarar, har malam Ammar mai niƙa ya ce a daina surutu, abin da kafaɗa za ta iya ba ya bukatar shawara. Aka kawo azara biyu aka zura a ƙarƙashi, maza suka jeru dama da hagu, aka ɗaga. Ni ina gaba ta dama.

Da farko tafiyar ta ƙi daidaita, na gaba na ja, na baya na tuntuɓe. Sai malam Ammar ya ɗaga murya da la'ilaha illallahu don ƙafafu su zo ɗaya, na gaba su faɗa, na baya su amsa. Ba shi da wata manufa, Luwiza. Mu mutanen dutse hanya ɗaya muka sani ta ɗaukar dogon abu mai nauyi a kafaɗa. Tafiya ta miƙe. Wanda ke tsaye a gefen hanya sai ya matso ya sa kafaɗarsa, ya ɗan taka, ya ba wani wuri, yadda aka saba. Masu shago suka miƙe tsaye. Ga abu dogo, lulluɓe da fari, yana tafiya a saman kawunan mutane. Ban san lokacin da kowa ya gane abin da muke yi ba, amma ba wanda ya daina.

Da muka kai mararraba wajen rijiya, ƙafafunmu suka karkata hagu, hanyar maƙabarta. Har da ni. Mun yi 'yar tafiya kafin kawunki ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Gida, jama'a. Gida za mu kai shi."

Innarki tana kan soro, ta ga komai. Kafin mu iso ta sauko ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, duka ɓangarorin biyu. Ta tsaya muka shigo tsakar gida, ta ɗora tafin hannunta a kan zanen, ta ce, "Ku sauke shi a hankali. Ya sha hanya."

Daga nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Mata suka shigo da sukarin da ake kaiwa gidan rasuwa, ba ta mayar da kowa ba. Da yamma maƙwabciyarmu Rahma ta kawo kuskus, innarki ta ci loma kaɗan, jiya ta ci fiye da haka. Innarki da kanta ta aika wa liman a shirya sallar.

Kowa na cewa alhamdu lillahi ta dangana, ni ma na faɗa. Amma zan gaya miki abin da sai yanzu na gane. Duk lokacin nan ina ce mata ya tafi, tana ce mini zai dawo, ashe ni don in ji amsarta nake faɗa. Muddin tana jira, ni ma ina da ɗa a wani wuri. Yanzu gidan ya cika da mutane, kowa na yi masa addu'ar samun rahama, ba mai cewa zai dawo.

Ɗazu da safe na same ta tana tankaɗe gari, na ce ko dai mu ɗan dakata da sallar nan zuwa mako mai zuwa, ba a san abin da masunta za su gano ba. Ta ajiye rariyar.

Ta ce, "Allal, ya isa."

Gobe bayan azahar za a yi. Ki gaya wa yaran, ki yi wa ƙaninki addu'a a daidai lokacin. Innarki tana gaishe ki, kawunki ma haka.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Allal