Ɗana Yana Shan Maganin Kifi Saboda Ciwon Dasashi

Mis Opal, ki taimake ni da shawara, don na kai inda addu'a kaɗai ba ta sa ni barci.

Ɗana Delmar ya haura talatin, yana da mata da 'ya ɗaya, yana tuƙin motar ɗaukar katako a nan gabashin jihar Kentucky ta Amurka. Ban raine shi da sakaci ba. Tun yana yaro nake faɗa masa cewa jiki amanar Ubangiji ce, amma bai gama sakandare ba ya fara cusa taba a leɓensa kamar sauran 'yan iskan garin nan, ga lemon kwalba da yake ɗurawa daga safe har yamma. Yanzu bakinsa ya lalace. Dasashinsa ya kumbura ya ja da baya, in ya ciji burodi sai ki ga jini a jiki. Warin kuwa ba na son faɗa. 'Yarsa Tansy, yarinya ƙarama, ta kawar da kai da ya zo sumbatarta a coci, ta ce bakin Baba yana wari kamar kwata. Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi, hannunsa a kan baki.

Da likitocin sa-kai suka zo filin baje koli bara, wata likitar haƙori ta duba shi ta ce sai an kankare masa ƙarƙashin dasashi a sa magani. Bai koma ba. Sai wani abokin aikinsa ya nuna masa dabarar banza: kafson kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa don kifin ado na akwatin gilas. Har da hoton kifi a jikin kwalbar, Mis Opal! In kumburi ya taso ya sha na kwana biyu, ya lafa, ya ce ya warke. Na ce masa shi mutum ne ko tarwaɗa? Ya ce, "Mama, kifin ma ai bai taɓa kawo ƙara ba." Haka yake mai da komai wasa. Yanzu haƙoransa biyu na gaba suna girgiɗi, mugunya na fita.

Ni dai na ce ya je a cire su duka a sa masa na roba. Haka aka yi wa marigayi babansa kafin mu yi aure, haka aka yi wa kakansa, ba wanda ya mutu. Wanda ya ƙi jin magana ya ɗauki abin da ya shuka. Na kuma gaya masa kada ya sake zama a teburina ran Lahadi sai ya bar taba da wannan ƙazamin magani. Tun daga ranar bai zo ba, ba ya ɗaukar wayata. Matarsa ta ce ko nama ba ya iya taunawa, ya rame.

Shin in kai maganar gaban fasto ya ja masa kunne a gaban dattawa? Ko in je gidan in zubar da kwalbar da hannuna?

Uwa mai ɓacin rai

'Yar'uwata,

Kada ki kai shi gaban dattawa. Mutumin da 'yarsa ta kunyata a bainar jama'a ya riga ya sha kunyar da ta ishe shi, kuma kunyar ce ke hana shi buɗe baki a gaban likita.

Kina da gaskiya a kan taba. Tana cinye dasashi, tana hana shi warkewa. Kina da gaskiya a kan kafson kifi ma: ba a tantance shi don mutum ba, kuma shansa kwana biyu a bari yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Amma ko daga hannun likita ya fito, kafso shi kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo. Dattin da ke ƙarƙashin dasashi ya daskare ya yi tauri, sai an kankare shi da ƙarfe. Bayan nan ne magani ke taimakawa, wani a sha, wani kuma likita ne zai cusa shi cikin dasashin. Abin da Delmar yake yi shi ne kwantar da kumburi, alhali ƙashin da ke riƙe da haƙoransa yana ci gaba da zaizayewa. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Mai yiwuwa biyun nan na gaba sun riga sun tafi, ba zan ɓoye miki ba.

Inda kika kuskure shi ne batun cire su duka. An yi wa iyayenmu haka ne don ba su da wata hanya. Ɗanki yana da ita, kuma duk haƙorin da aka ceto ya fi na roba. Ciwon nan kuma ba hukunci ba ne da za a bar mutum ya ɗanɗana.

Ki nemi asibitin al'umma na gundumarku ko makarantar koyon aikin haƙori, suna duba marasa inshorar lafiya da sauƙi. Ya tafi da kwalbar ya nuna wa likita abin da ya sha, a kuma gwada masa suga, don ciwon suga kan tsananta ciwon dasashi. In fuskarsa ta kumbura, ko zazzaɓi ya kama shi, ko haɗiya ta gagara, a kai shi sashen gaggawa a ranar, don irin wannan kan yi kisa.

Tunda ba ya ɗaukar waya, ki je da ƙafarki. Ki bar wa'azi a gida na yini ɗaya, ki ce masa kin samo wurin da za a duba shi, kuma ke za ki kai shi a mota. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Opal