Sunan da Baba ba ya faɗa

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya sanyin can? Yaya Anti Balki da yara? Mu nan Harobanda lafiya lau, sai dai ruwan sama ya ƙi sauka. Kogi ya janye har yashi ya fito tsakiya kamar bayan raƙumi.

Tun hawan sojoji wuta ba ta zama. Duk dawowarta, sai ordinatar Baba, wato kwamfutarsa, ta tashi ta tsaya tana neman kalmar sirri kafin ta buɗe abubuwan da ta ajiye. Abin ya ishe ni, na kira mai gyara daga Zongo. Ya ce sai an ba shi tsohuwar kalmar kafin ya cire tambayar.

Baba ya ce, "Ba a faɗa." Ya jawo na'urar ya buga da yatsa ɗaya, a hankali. Ina tsaye bayansa, idona na bin yatsan. Sunanka ne, Yaya. Sunan ɗan fari, wanda kunya ba ta taɓa barin bakinsa ya kama ba. Ashe kullum yatsansa na kiran ka.

Yanzu tana buɗewa shiru, ba ta tambayar komai. Shi kuma sai ya zauna, hannu bisa maɓallan, yana kallon hanyar gada kamar mai jiran sallama.

Ka sa mu a addu'a, Allah Ya kawo ruwa. Gaida Anti da yara. Don Allah ka kira shi ranar Juma'a, Yaya. Yanzu ba shi da inda zai kira ka.

Ƙanwarka,
Rakiya