Ranar da Na Hau Tebur

Winnipeg, Kanada

Zuwa ga ƙanwata Lantana,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Yaya yara?

Albishirinki! Na bar dakon kwalaye a sito. Ban gaya muku ba, amma aikin ya fara cin bayana.

Wata makarantar koya wa baƙi Turanci ce ta gwada ni. Aka ce in koyar da 'yar kalmar nan "on", wato "a kan", kuma ɗalibai ne za su ce a ɗauke ni ko a sallame ni. Na zubo duk abin da na karanta, suna ta hamma. Da na ga aikin zai kuɓuce, sai na haye tebur da furfurata, na ce, "Ina nake?"

Ajin ya amsa gaba ɗaya, "On the table!" Wata tsohuwa 'yar Yukren ta ce, "Mun gane, malam. Sauko kada ka karye, ba mu iya Turancin kiran likita ba tukuna."

Duk suka ɗaga mini hannu a ɗauke ni. Litinin zan fara!

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da daddawa. Ki ce wa Inna ɗanta ya koma malanta, amma zancen tebur ya tsaya tsakaninmu.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Tanimu