Giyar Linus a Rumfar Dominika

Tambunan,
12 ga Afrilu.

Zuwa ga matata Dominika,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kin sauka Johor lafiya. Yaya 'yarmu Felisiya da ƙarfin jiki? Yaya jaririya? An ce ta ɗauko hancina. Ki ba ta haƙuri, ni ma da shi na yi shekara hamsin da takwas ban mutu ba.

Nan gida kowa lafiya, sai dai karenki da ke yi mini kallon wanda ya sayar da ke.

To, ga maganar rumfa. Baba Gintod, shugaban kwamitin bikin girbi, ya tare ni bayan an tashi daga coci. Ya ce doka tana nan yadda take: duk rumfar da ba ta kawo giyar gida ba bana, wani za a ba. Kin kuma san wanda ya ƙyalla ido a kan taki. Maurus mai kanti ne, shi da giyar inabinsa mai araha ta cikin kwali. Rumfar bakin ƙofar zaure fa, wadda mahaifiyarki ta tsaya a ciki, ke ma kika tsaya shekara ashirin da shida! Na ce, "Baba, a rubuta sunanta, giya za ta zo." Ya ce, "Wa zai yi?" Na ce ni. Ya daɗe yana tari.

Ki kwantar da hankalinki, na riga na gama. Jiya na turara shinkafa mai danƙo, na baza ta a ganyen ayaba ta huce, na daka yis ɗinki na barbaɗa, na cika tulu biyu na toshe. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa motar katako a duwatsun nan, ba shinkafa ce za ta gagare shi ba. Sharuɗɗanki ma na kiyaye. Ban yi faɗa da kowa ba, ban yi surutu a kan tulu ba, ko rediyo ban kunna ba.

Kada ki damu da cikina. Na gano abincin da aka yi domin mazan da aka bari a gida, wato hinava. Ba wuta, ba tukunya. Ka yanka ɗanyen kifi siri-siri, ka zuba citta da albasa da barkono, ka matse lemun tsami, shi ke nan. Safe da yamma shi nake ci, har na fara tumbi.

Ki gaida surukinmu, ki sumbaci jikata.

Naki,
Linus.

Tambunan,
15 ga Mayu.

Zuwa ga Maman Felisiya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ku da jaririya kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da kunya.

Wasiƙarki ta iso. Layi uku kika yi kan jaririya, shafi guda kan lemun tsami. Da na karanta sai na yi dariya, na ce camfin mata ne. To, yanzu dariyar ta ƙare.

Shekaranjiya na kira maƙwabciyarmu Gwaggo Kinsiong ta zo a buɗe tulu a gabanta, don ina son shaida. Ta ɗiba ta kurɓa. Ido ɗaya ya rufe da kansa, wuyanta ya shige cikin kafaɗa.

Ta ce, "Kai Linus, giya ka yi ko maganin tsutsar ciki?"

Na ce wataƙila ba ta gama nuna ba.

"Ta nuna har ta wuce gida! Ranar da ka barbaɗa yis, me ka ci da safe?"

Na faɗa mata.

"Wa ya matse lemun?"

Na ce ni ne, amma na wanke hannu da sabulu har sau biyu.

"Sabulu! Ina ruwan shinkafa da sabulu? Mai yin giya ko hanyar bishiyar lemu ba ya bi ranar, kai kuma ka yi wanka da shi ka zo ka rungumi tulu. Matarka ba ta gaya maka ba?"

Kin gaya mini, Dominika. Kina ɗaure akwati kina faɗa, ni kuma ina duba tayar mota ina cewa to, to. Tulu na biyu ya fi na farko tsami.

Gwaggo ta tausaya mini. Ta ce in ɗauki tulu ɗaya cikin nata in kai da sunanki, ba wanda zai ji a bakinta. Wallahi raina ya biya, har na miƙe. Sai na tuna babu harshe a garin nan da bai san giyarki ba, kuma ƙarya a rumfar mahaifiyarki ba da ni ba. Idan kuma na kai wannan tsamin ƙarƙashin allon sunanki, na zubar miki da mutuncin da kika tara. Don haka na rubuta LINUS da manyan baƙaƙe a takarda, zan manna ta a kan allon. In za a yi dariya, a yi da ni.

Maurus ya riga ya ji labari. Jiya na gan shi yana auna faɗin rumfar da taku.

Ki yi mini addu'a, ki rage faɗan.

Mijinki mai laifi,
Linus.

Tambunan,
25 ga Mayu.

Zuwa ga Dominika tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki ajiye jaririyar tukun kafin ki karanta, kada ki yar da ita.

Biki ya yi biki. Tun hantsi ake dukan gangunan tagulla, ƙamshin gasasshen nama da shinkafar ganye ya cika fili, kowace rumfa da tulunta da kofunan gora. Ni kuma ga ni da dabarar da Gwaggo ta ba ni. Ta ce tunda giyar ta zaɓi tsami, a sa ta aikin tsami. Na yanka kifi cikin babban faranti, na zuba giyar a madadin lemu. Dominika, ban taɓa cin hinava irin wannan ba! Kafin rana ta take an sha layi, mata suna tambayata sirrin, ni kuma ina ɗaga hanci.

Sai ga dattawan kwamiti suna zagayen ɗanɗano, Maurus na biye da su. Kin san ba a mayar da kofin da aka miƙa. Na cika wa Baba Gintod nasa fal. Ya shanye, bawan Allah, hawaye na bin kumatunsa, ya kama sandar rumfa ya riƙe.

Maurus ya ce, "Baba, doka ta ce giya. Wannan ruwan tsami ne, a tambayi kowa."

Gaskiya ya faɗa ko kusa da ita. Baba ya share ido ya ce, "Giya ita ce mai juya kai. Linus, taka tana juyawa?"

Ban sani ba, amma na ce tana yi. Ya ce to a gani.

Na cika kofi na shanye. Haƙorana suka mutu. Na ƙara na biyu, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. A na huɗu sai na ji gangunan nan kamar sunana suke kira. Ni da kika yi shekaru kina ja zuwa fili ina noƙewa, sai ga ni a tsakiya na ware hannuwa, ina ɗage dunduniya, ina juyi da tumbina. Gwaggo ta shigo ta tare ni, fili ya kaure da shewa. Har Maurus dariya ta ci ƙarfinsa, daga baya ma ya kawo mini kofin giyarsa in wanke baki. Ba laifi giyar, amma kada ki ce na faɗa.

Baba Gintod ya ɗaga sanda ya ce, "Abin da ya sa Linus rawa giya ce. Rumfa ta Dominika ce. Amma a rubuta, mijinta kada ya sake taɓa tulu har abada." Aka rubuta, na sa hannu da murna.

Yau kaina kamar ana faskare a ciki, amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Shekara ashirin da shida ina wancan gefen teburin da kofi a hannu, ina cika baki ina cewa "giyarmu." Wuni ɗaya na tsaya a gefenki, ƙafafuna sun kumbura, kuma duk wanda ya zo, kafin ya karɓi faranti sai ya leƙa bayana yana nemanki.

Da jama'a suka watse na ɓalle takardar nan mai sunana. Sunanki ya fito tsaf, ko ƙwarzane babu. Na goge allon da hannun rigata, na daɗe a tsaye ina kallonsa kamar sabon shiga gari. Wurinki na nan, Dominika. Na riƙe miki shi iya ƙarfina, amma tsayuwa a cikinsa sai ke.

Ki gaida Felisiya da mai hancina.

Naki har kullum,
Linus.