Saura Kujera Ɗaya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da Mama, da maigidanki da yara. Ni lafiyata ƙalau, aikin kafinta kuma yana tafiya, sai dai katakon ƙasar nan laushi gare shi kamar sabulu.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran. Mun samu coci! Ba irin namu mai ƙararrawa ba, ɗaki ne a saman gidan burodi. Mai Burodi mutumin ƙasarmu ne da ya daɗe a nan, shi ya kwashe buhunan fulawa ya ba mu wurin. Matakalar tana da tsayi, ga ƙunci, mai ƙiba sai ya hau a karkace. In muna addu'a ƙamshi yana tasowa daga ƙasa, ido a rufe, ciki kuwa yana nasa amin.

Mishan ta aiko mana da wani dattijo, muna ce masa Baba Fasto. Ya kafa coci a ƙasashe da dama, amma jakarsa ɗaya ce, zip ɗinta ma ya mutu. Ranar da ya zo ya ce, “Ban zo zama ba. Na zo in koya muku, in ƙara gaba.” Ya zaɓi mutum uku yana horar da mu kowace Asabar: Mai Burodi, da Uwar Tagwaye mai ba da waƙa, da ni. Ni, Yaya! Na ce, “Baba, ban yi nisa a makaranta ba, da yatsa nake bin layi.” Ya ce, “Yatsan aro ne?” Na ce nawa ne. Ya ce, “To ci gaba da bi.”

Koyarwarsa ba wuya. Ka karanta aya, ka rufe Littafi, ka faɗe ta da bakinka kamar kana ba abokin aiki labari. Sannan ka yi tambaya, ka yi shiru har wani ya amsa. Shirun nan shi ke kayar da Uwar Tagwaye. Tana tambaya tana ba kanta amsa, har ta yaba wa kanta.

Dokarsa ɗaya ce. Ranar da kujeru suka cika, ba za mu nemi babban ɗaki ba. Za mu kasu biyu, wasu su koma can ƙarshen gari su fara sabuwar coci. Duk muka tafa, don kujerun sun fi mu yawa.

Ki gaishe min da Mama, ki ce ɗanta ya zama ɗalibi da gemu.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Mun gode wa Allah da jin lafiyarka. Na karanta wa Mama wasiƙarka, ta sa na maimaita, ta tashi ta taka rawa har zaninta ya kusa kwancewa. Yanzu duk wanda ya shigo gidan sai ya ji cewa ɗanta fasto ne a ƙasar waje. Na ce mata horo ake ba ka tukuna, ta ce in rufe mata baki.

Kai ɗin da kake ɓuya a bayan ganga in an ce yara su fito karatu? Ikon Allah. Maigidana ya ce a tambaye ka ko wa'azin ma da tef za ka auna shi.

Kana cin abinci kuwa? Kada ka ce min burodi. Kuma wannan maganar rabuwa gida biyu, wa zai tafi, wa zai zauna? Ka tambaya tun yanzu. Na san halinka, kai ne a kullum ake ɗora wa kaya kana murmushi.

Allah ya tsare.
Yayarka

Yaya tawa,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ki gaya wa maigidanki tef yana aljihu, in wa'azina ya yi tsawo ya zo ya yanke.

Abin farin ciki ya yi yawa, ban san ta inda zan fara ba. Mutane suna ta zuwa! Har 'yan ƙasar, yanzu rabin waƙoƙinmu da yarensu muke yi, muna ɓarar da shi suna dariya. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, muna ce mata Kaka. Daga ƙarshen gari take zuwa a bas, tana hawa matakala tana hutawa. Kusan kowane mako sai ta zo da baƙo. Ni nake tsayawa a bakin ƙofa ina tarbar mutane, kuma in ta iso, kafin ma ta gaishe ni sai ta leƙa ciki ta ce, “Sun cika?” In nuna mata wadda ta rage, ta gyaɗa kai ta shige.

Kin tambayi wanda zai tafi. Bakinki, Yaya! Baba Fasto ya ce ni zan jagoranci masu tafiya.

To ga abin da ya faru. Wata Lahadi Mai Burodi ya duba ya ga saura kujera ɗaya. Bayan sujada ya tare ni a matakala, Uwar Tagwaye tana tsaye a bayansa ta naɗe hannu. Ya ce, “Kafinta, dokar ta ce in kujeru sun cika. Ta faɗi yawan kujerun?” Na ce ba ta faɗa ba. Uwar Tagwaye ta ce, “To me hannunka yake jira, ɗan nan? Ko ka gaji da mu ne?”

Na yi benci. Ya cika, na yi ƙananan kujeru marasa jingina. Suka cika, na yi masu naɗewa na rataye a bango. Yanzu gwiwar kowa tana bayan wani, in aka ce a tashi a yi waƙa sai an tashi tare ko ba mai tashi. Amma kullum akwai ɗaya da ba kowa a kai, kusa da ƙofa, ina gadinta. Baba Fasto yana shigowa ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Kafinta, hannunka yana da albarka.” Sai ya wuce ciki.

Kada ki ga laifina. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, Uwar Tagwaye ce ta wanke min kaya, Mai Burodi ya ɗauke ni a bayansa zuwa asibiti. A ƙasar nan su ne ku. Can ƙarshen gari ban san kowa ba sai tsohuwar nan, yarensu kuma a bakina har yanzu rarrafe yake.

A gaida yara.
Auta

Auta,

Na yi dariya har ƙaramar ta zo tana tambaya ko kuka nake yi. Ku dai ba ku da dama!

Amma zazzaɓin nan, me ya sa sai yanzu muke ji? Mama ta daina rawa. Ta ce in gaya maka, ka zauna inda in ka faɗi akwai mai ɗaga ka. Ni ma ra'ayina ke nan. Allahn da ke can ƙarshen gari shi ne a saman gidan burodi. Su aika mai iyali, wanda ya iya yaren. Kai ka ci gaba da sassaƙa, in ta kama ka rataye wasu a silin.

Ka gode mana wa matar nan da Mai Burodi. Ka rubuto da wuri.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka faru.

Kaka ta daina zuwa. Da shirun ya yi yawa, Baba Fasto ya ce, “Kafinta, je ka gaishe ta.” Na hau bas har inda yake juyawa. Gidanta a ƙasa yake, ba matakala ko ɗaya. Ina shiga na ga falon kusan fayau, ga alamar inda kabad ya daɗe a jikin bango, fentin wurin ya fi sauran haske. Ta ce ta fitar da shi ne don a samu wurin zama in mun zo.

Mijinta yana zaune a keken guragu kusa da taga. Rabin jikinsa ya shanye, maganarsa da ƙyar. Ta ce kowace Lahadi sai ya sa an saka masa farar rigarsa, an ɓalle maɓalli har wuya, ko yau ce ranar. Matakalarmu ba ta hawuwa gare shi. Baba Fasto ya gaya musu tun farko cewa in kujeru sun cika, a falonsu za a fara.

Yaya, ashe baƙin nan da take kawowa maƙwabtanta ne. Lallashinsu take yi ɗaya bayan ɗaya, ta ja su har tsakiyar gari don su cika mata kujerun. Ta dafa hannuna tana dariya ta ce, “Ɗana, ɗakin nan naku abin mamaki ne. Duk wanda na kawo sai kujera ta haihu. Yanzu maƙwabta sun ƙare, gwiwa ma ta ƙare.” Ba ta zarge ni ba, ba ta ma san ni ne ba. Shayi ta ba ni.

Ranar Lahadi na tsaya a ƙofa kamar kullum. Maƙwabtan nata sun zo da kansu, ɗaki ya cika, saura kujerar nan da nake gadi. Aka fara waƙa. Na jira aka gama, don ba na son katse Uwar Tagwaye. Sai na ja kujerar na zauna.

Mai Burodi ya juyo ya ce, “Kafinta, tashi mana, ƙafarka ce ke ciwo?” Na ce, “Lafiyarta lau, Mai Burodi.” Ya ce, “Ka san abin da ka yi kuwa?” Na ce na sani. Na ba su labarin falon da farar rigar, ban ƙara ban rage ba. Uwar Tagwaye ta ce, “Kai mugun yaro ne,” tana share ido da bakin ɗankwali. Baba Fasto ya miƙe a hankali, ya duba dama, ya duba hagu, kamar bai taɓa ganin ɗakin ba. Ya ce, “To. Ɗaki ya cika.”

Ihun da aka yi, har masu sayen burodi suka leƙo daga ƙasa! Aka sa mu masu tafiya a tsakiya aka ɗora mana hannu. Hannun Mai Burodi ya fi na kowa nauyi, ina jin da gangan ne.

Na san ba abin da ku da Mama kuka ce ba ke nan. Ki lallashe ta. Tsoro yana nan, amma murna ta fi shi ƙarfi.

Naki,
Auta

Yaya,

Wasiƙarki ta iso, faɗan ma ya iso lafiya. Na gode da addu'ar Mama da kika sa a ƙarshe.

Mun fara a falon Kaka. Baba Fasto bai zo ba, ya ce yana da ciwon kai, amma an gan shi yana cin burodi hankali kwance. Na karanta, na rufe Littafi, na faɗa da yarensu. Na ɓata kalmomi, wata mata tana gyara min daga baya. Na yi tambaya na yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Sai mijin Kaka ya buɗe baki. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, ba wanda ya katse shi, har ya kai ƙarshen amsarsa.

Da za mu tafi ya riƙe hannun rigata da hannunsa mai lafiya ya ce, “Mako mai zuwa, kai ne?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ku kwana lafiya, Allah ya haɗa fuskokinmu.
Auta