Dutsen Bayan Taya

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna da yara?

Ni lafiya lau, ƙafar ma ta fara taka ƙasa. Motar jif ta kamfaninmu ce ta yi faci a gangare. Na sa dutse a bayan taya, sai sabon manajanmu, sarkin takardu, ya shure shi, wai aikin ƙauyawa ne, mota mai ja da taya huɗu ba ta gangarawa. Mutumin da ko jak bai iya kafawa ba! Ina ɗaga motar kuwa, ta zame ta danne mini ƙafa.

Jiya ya tara direbobi, wai zai koya mana amfanin dutse. Har da allo, Yaya!

Kada Inna ta ji. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka