Rufin gilashinka ya cinye wurin tagiyata

Zuwa ga Manajan gidan sayar da sababbin motoci na Birnin Kebbi, wanda ya sayar mani da 'yar jar mota mai ƙofa biyu. Ban kama suna ba, ka san kanka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi maka barka da ciniki. Ni ne Alhaji Umaru Mai Albasa na Nasarawa. Ban yi boko ba, ɗiyata Kulu ce ke rubutawa ina faɗi, na kuma hana ta gyara mani magana. Na yi ta sintiri wurinka, kullum a ce ka tafi Abuja, shi ya sa na fito da zancen fili.

Tun ina saurayi nake jan a-kori-kura, yau shinkafa gobe albasa. Da na miƙa wa yara gonar Zauro, na ce sai na hau motar da ko buhu guda ba ta ɗauka, don kada a sake tare ni da kaya a hanya. Yara sunka ce jif ta fi dacewa da dattijo. Na ce su sayi jif idan sun tsufa.

Na ɗaya. Ranar da na zo, ka sa ni cikin motar gwaji mai rufin ƙarfe. Na zauna da tagiyata a kai, doguwa, irin wadda duk Nasarawa ta san ni da ita. Ta shiga lafiya lau, har na ɗaga hannu na shafa, da sauran wuri. Kai ne shaida, don har ka ce motar kamar don ni anka ƙera ta.

Na biyu. Ka zaunar da ni, ka kawo lemo, ka ce sabuwar mota sai an zaɓa mata ƙarin kaya kafin a aiko da ita. Salansa mai ruri, na ce a sa. Manyan wili masu walƙiya, a sa. Kujera mai ɗumama mazaunai, na tambaye ka ko ka taɓa kwana Kebbi a watan bazara, kai ma ka yi dariya. Kyamara ta duban baya, na ce wuyana bai mutu ba. Sai ka kawo zancen rufin gilashi mai zugewa, ka ce manomi irina sai in riƙa tuƙi ina kallon hadari. Wanga ya shiga raina, na amince. Abin da ba ka faɗa ba, Ranka ya daɗe, shi ne gilashin yana da ɗakin da yake shigewa idan an zuge shi, kuma ɗakin nan daga saman kan direba anka yanko shi. Makaniki ne ya gaya mani daga baya, yana ƙunshe dariya.

Na uku, wanda ya fi ci mani rai. Ka ce akwai kujera mai lantarki. Na ce ban zama bisa lantarki da tsufana. Ashe ita ce mai sauka ƙasa idan an danna! Da ka ce mai sauka ce, da na karɓa. Sunan abu ka faɗa, aikinsa ka riƙe a ciki.

Mota ta iso, na shiga, rufi ya danne tagiya har girar ido. Na kwantar da kujera baya, Hajiya mai ɗakina ta leƙo ta ce kamar wanda za a kai asibiti. Ta aika kasuwa anka sayo mani 'yar gajerar hula, na ce ta ajiye wa jikokinta. Ta ce to in tuɓe in aza a kujerar gefe, sai ka ce ba ita ta fi kowa sanin dalili ba.

Kai ba ka san dalilin ba, bari ka ji. Ina da taubashi a Argungu, Ɗanbaba. Tun muna samari gashinsa ya yi ƙaura, ni ko a lokacin suma gare ni har wanzami na kuka da askarsa. Na laƙaba masa Faranti, sunan ya bi shi, yau ko jikokinsa da shi sunka san shi. Ya rantse a gaban mutane ba ya barin duniya sai ya ga tsakiyar kaina da rana tsaka. Abin da ke ƙarƙashin tagiyata yanzu tsakanina da wanzamina ne. Kulu ta ajiye biro ta ce ai na gama tona kaina. Ban tona komai ba, ban ce akwai ba, ban ce babu ba.

Na huɗu. Dabara ta zo mani: in zuge gilashin, tagiya ta leƙa waje ta ramin. A cikin gari ya yi, sai dai 'yan kabu-kabu da ke bina suna yi mata oda. Ran nan na kama hanyar Argungu, na ce bari in ji abin da salansar nan ke faɗi. Na taka mota. Ina gab da shiga gari iska ta tsince tagiya kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako, na hange ta a madubi ta faɗa cikin gonar gero. Ga Ɗanbaba zaune a ƙofar gidansa bakin titi da 'yan majalisarsa, sun ji rurin mota sun miƙe. Abin da hannuna ya kai gare shi tsumman goge gilashi ne. Na yafa shi a kai, na wuce su a guje ban yi sallama ba, na zagaya ta bayan gari na koma gida.

Tun rannan wayata ba ta huta ba. Ɗanbaba ya ce ya ga wata amarya da lulluɓi cikin jar mota, yana neman waliyyinta. Ya ce tagiyar tana hannunsa, wani manomi ya kai masa, ya duba cikinta da tabarau bai ga silin gashi ba.

Ga inda abin ya tsaya. Ɗana Bello ke auren ɗiyarsa, ta tafi gida haihuwa, yau ko gobe. Suna a Argungu za a yi, a ƙofar gidansa. Ya riga ya shelanta cewa in na zo a wata mota, to jar ta kayar da ni. In ko na zo cikinta, shi da kansa zai buɗe mani ƙofa.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka aiko a sa mani kujerar nan mai sauka kafin a haihu, na haƙura zan zauna bisa lantarkin. In ba ta samuwa, ka ara mani motar gwajinka mai rufin ƙarfe, ita ma ja ce, Faranti ba ya bambanta su. Sannan duk dattijon da ya zo zaɓen rufi, a ce ya gwada da hular da yake fita da ita.

In ka sake tafiya Abuja, ni ko ba ni da aiki yanzu. Zan riƙa kafa mota a bakin shagonka tun hantsi, wata doguwar tagiyar tana leƙe ta ramin rufi, duk mai ciniki da ya tambaya in ba shi labari daga farko.

Allah shi ƙara maka kasuwa, shi raya maka zuri'a, shi kuma bar maka sumarka har tsufa.

Wassalam.

Alhaji Umaru Mai Albasa,
Nasarawa, Birnin Kebbi.